Matakin Lukuman

Sunana Ɗalha, kuma gyaran keke na sani. Tun kafin furfura ta fito mini nake zaune ƙarƙashin darbejiyar nan ta kusa da tashar Gwandu, da sifana da famfo da gwangwanin tarkace. Ba ni da haƙuri da masu kawo mini zancen iskokai a wurin aiki. Keke ƙarfe ne da roba. In ya yi kuka giris yake so, in ya karkace wani ne ya karkatar da shi. Haka nake gaya wa kowa, haka kuma na gaya wa Haruna na Malisa sa'ad da ya fara yi mini zarya da tayar bayansa.

Kekensa irin gajerun nan ne da yara ke kira BMX, ɗan gwanjo, mai faffaɗan kai. Shi kuwa Haruna saurayi ne zanƙalele, in ya hau sai gwiwoyinsa su nemi gaisawa da haɓarsa. Na sha tsokanarsa ya sayar da abin wasan yara ya sayi keken manya, sai ya yi dariya kawai. Dalilinsa na wurin tayar baya. Irin wannan keke ba shi da kariya, wato wurin ɗaukar kaya ko mutum a baya, sai wasu guntayen ƙarafa biyu kamar bututu da ake ɗaurawa a tsakiyar tayar, dama da hagu, mutum ya taka ya tsaya. Matakai muke ce musu. A kansu ƙaninsa Lukuman yake tsayawa kullum, dafe da kafaɗun wansa, daga Malisa zuwa shagon da yake koyon ɗinki a cikin gari.

Shan inna ya taɓa ƙafar Lukuman ta hagu tun yana ƙarami, saboda haka duk nauyinsa a ƙafar dama yake. Matakin dama har sheƙi yake don goga, na hagu kuwa tsatsa ta cinye shi. Gargaren tayar ma dama yake karkata. Da na gane haka sai na koyi yi wa keken ɗauri na daban, ina ƙara wa wayoyin tayar na hagu, waɗanda muke ce wa sifok, ƙarfi don su ja gargaren ya tsaya daidai. Yaron akwai baki, Allah ya jiƙansa. Yana tsaye a kaina ina aiki yana koya mini sana'ata, har sai na ɗaga sifana na ce zan gyara masa ɗaya ƙafar.

Da damina zazzaɓi ya kama shi. Ranar da abin ya yi tsanani ruwa ya ɓata hanya, babu mai babur da ya yarda ya shiga. Haruna ya ɗora ƙafafun Lukuman a kan matakai, ya ɗaure shi a bayansa da zanen uwarsu, ya tuƙo cikin laka har asibiti. A bakin ƙofa aka kwance zanen aka ce ai ya riga ya cika tun a hanya. Haruna ya yi ta musu, ya ce yanzun nan yake masa magana a kunne, yana cewa ya bi a hankali wurin gargada.

Bayan an yi sadakar arba'in ya kawo mini keken. Na yi masa gaisuwa, na sassauta sifok na hagu, na mayar da ɗaurin irin na mutum ɗaya, tunda mutum ɗaya ya rage. Ba a daɗe ba sai ga shi ya dawo, gargare ya karkata dama yana gogar robar birki. Na gyara. Ya sake dawowa. A zuwa na gaba da na buɗe tsakiyar tayar sai na tarar boris na gefen dama, 'yan ƙwallayen ƙarfen da tayar ke juyawa a kansu, sun farfashe, na hagu lafiya lau. Raina ya ɓaci. Na ce masa in buhun albasa yake ratayawa a gefe ɗaya ya faɗa mini gaskiya, don ban iya gyaran abin da ake ɓoye mini ba. Ya rantse ba ya ɗaukar komai, kuma ban taɓa kama yaron nan da ƙarya ba.

Ina mayar da tayar ne idona ya kai kan matakan. Damina guda ta wuce a kansu, ya kamata a ce tsatsa ta rufe duka biyun. Na hagu dai ja wur yake. Na dama kuwa yana sheƙi kamar jiya aka sauka daga kansa. Na ba tayar iska, na miƙa masa keken.

Rana tsaka ce, masu waina na kiran ciniki, motoci na lodi. Haruna ya zauna kan sirdi, tayar baya ta ɗan lotsa yadda kowace taya ke yi. Bai taka feda ba. Ya tsaya yana jira, kansa a ɗan sunkuye. Ina kallo tayar ta ƙara lotsawa, keken ya ɗan jirkita dama, rigarsa ta tattare a kafaɗu biyu. Sannan ya ce mini sai an jima, ya tafi a hankali yana kauce wa ramuka. Wallahi tsigar jikina ta tashi, kuma na ji haushin kaina da ta tashi. Na ce wa zuciyata tiyub ɗin ne ya tsufa.

Wata ranar kasuwa uwarsu Zulai ta zo da kanta. Haruna ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce wanga yaro. Sunan Lukuman kuwa tun rasuwar ba a ƙara jin sa a bakinta ba. Ta tsuguna can gefe ta ce mini wanga yaro yana hira shi kaɗai a hanya, har yana dariya, mutanen Malisa sun fara janye 'ya'yansu in ya tunkaro. An yi rubutu an yi addu'a. Tufafin mamacin duk an bayar sadaka yadda aka saba, amma da aka zo kan keke ya ce sai dai a yi sadaka da shi gaba ɗaya. Ta ce ɗaya ya tafi, ba ta son ya ja mata ɗayan.

"Malam Ɗalha, ka cire ƙarafan nan," in ji ta. "In babu wurin tsayawa, ai dole a sauka."

Maganarta ta yi mini daidai, don ni ma na gaji da tayar. Da Haruna ya bar keken a yi masa faci ya shiga kasuwa, na sa sifana na kwance matakan biyu na jefa cikin gwangwani. A sana'armu abin da aka cire daga keke ya zama na mai gyara, kuma ba ya kwana in an sami mai buƙata. Ko awa ba a yi ba sai ga Malam Luka, wani malamin makaranta da aka mayar Kalgo, ya kawo keken 'yarsa Dibora a duba kafin su loda kaya. Irin na Haruna ne sak. Ya ce da za a sami abin da ƙanwarta za ta riƙa takawa su tafi makaranta tare, da ya ji daɗi. Na zaro matakan na ɗaura masa, suka ɗora keken a mota suka wuce.

Da Haruna ya dawo ya ga tsakiyar tayar fayau, sai ya tambaye ni ina suke. Na ce su ke lanƙwasa masa taya, na cire, kuma sun yi gaba. Na shirya wa faɗa. Sai kawai ya waiwaya ta kafaɗarsa ta dama, ya daɗe a haka, sannan ya hau. Tayar ta lotsa sau ɗaya, ta kuma lotsawa. Ya tafi yana tangaɗi kamar mai koyo.

Ya ɗauke ƙafa daga wurina, ni kuwa har ina yabon kaina. Sai wata safiya na hango mutum yana turo keke, mace na biye da shi. Ban gane shi ba sai da ya matso. Haruna ne, ya rame, ya ranƙwafa, jikinsa duk ya karkata dama, wuyan rigarsa ya ja baya yana shaƙe shi. Numfashi yake kamar wanda ya ɗauko buhu daga gona. Na juya tayar bayan don sabo, tana tafiya sumul, ko gezau.

"Baba Ɗalha," ya ce, "ba shi da inda zai taka. Da can in mun iso gida yakan sauka. Yanzu ya rasa ta inda zai sauko."

Zulai, wadda ke biye da shi, ta ɗaga masa riga ta baya. Kafaɗunsa biyu sun kumbura sun yi baƙi, kuma shaidar ba ta ɓoyu ba, ta yatsu ce. Ta ce ba ya iya kwanciya rigingine, abinci ma a tsaye yake ɗan taɓawa. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma tausayin yaron ya fi tsoron yawa.

Na zazzage gwangwani na samo wasu matakai, sababbi ma, na ɗaura da sauri har sifana na kuɓuce mini. Muka taimaka masa ya zauna kan sirdi. Muka jira. Masu wucewa suna kallonmu, tsoho da tsohuwa sun tasa keke a gaba sun zuba wa taya ido. Kafaɗunsa ba su saki ba. Can ya girgiza kai ya ce Lukuman bai san waɗannan ba, tsoron su yake, ƙafarsa ɗaya ce.

Na rufe akwatin kayan aiki na shiga motar Kalgo. Ban san gidan Malam Luka ba, sai da na yi ta tambayar 'yan makaranta har wata yarinya ta nuna mini. Na tarar da keken a jingine a tsakar gida. Abin da na fara yi shi ne juya tayar baya, ina fatan in ga ta karkace, don in ta karkace to abin yana jikin ƙarfe ne, Haruna kuma ciwo kawai yake. Tayar lafiyarta ƙalau. Na gaya wa Malam Luka na yi kuskuren ba shi kayan da ke da mai shi, ga wasu na kawo a madadi. Ya dubi fuskata, ya riƙe mini keken da kansa har na gama. Ƙanwar Dibora ce ma ta yi ƙorafi, ta ce waɗancan sun fi daɗin takawa.

Washegari da hantsi na isa Malisa. Na sami Haruna kwance rub da ciki a kan tabarma, ya kasa tashi. Aka fito da keken tsakar gida. Ƙafar ƙanwar Dibora ta ɗan goge tsatsar na hagu, amma ban ruɗe ba, na san wanda ya sha ƙafar Lukuman. Na ɗaura shi a dama, na ɗaure tam, na ƙara ɗaurewa. Ni da wani maƙwabci muka ɗago Haruna, kuma na rantse nauyinsa ya fi ƙarfin jikin da nake gani. Muka zaunar da shi, na riƙe kan keken.

Kaji na ta kiwo, wata na daka a gidan baya. Muka jira. Sai na ji wani ɗan ƙas a matakin dama, irin ƙarar da ƙarfe ke yi in an taka shi. Keken ya jirkita dama. Haruna ya ja wani dogon numfashi, wuyan rigarsa ya saki, ya miƙe zaune a hankali har bayansa ya yi ƙara. Hawaye na zuba a fuskarsa, yana murmushi. Maƙwabcin nan ya saki sirdi ya fice yana salati, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Zulai ta matso. Na ɗauka ɗanta za ta riƙe, sai na ga ta wuce shi ta tsaya daidai tayar baya, ta ɗaga kai tana duban sama da kafaɗunsa, daidai tsayin da yaron yake kaiwa in ya tsaya.

"Lukuman," ta ce, "sassauta riƙon. Yayanka ne, ba zai yar da kai ba."

Sannan ta juyo gare ni, ta share ido da bakin mayafi, ta ce in mayar wa tayar irin ɗaurin da nake mata da can, na mutum biyu. Na tsuguna na ciro makullin sifok daga aljihu, na fara da na hagu.