Dillalin Farfesa Kandasami

Farfesa Kandasami ko ruwan zafi bai iya dafawa a gidansa ba, amma a ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a a birnin Tirucci kullum yana cikin girki. Abin da yake dafawa kuwa ba a ci. Wani baƙin gari ne na ƙarfen nikel. In ka zuba shi a bututun gilashi ka gasa, ka tura masa iskar kabon ɗin nan da masana'antu ke amayarwa, haɗe da haidirojin, sai gas ɗin girki ya fito ta ɗaya bakin. Shi garin ba ya raguwa, shi ya sa Farfesa ke kiransa dillali.

"Vasuki," yakan ce mini, "dillalin kirki shi ne ya haɗa ciniki ya koma gefe. Namu dai rago ne, kwana biyu ya ce ya gaji."

Gaskiyarsa ce. Tun ina ɗalibarsa har na zama abokiyar aikinsa, duk dillalin da ya haɗa, kafin mako ya zagayo ya toshe da kunkunniya ya mutu. Gashin Farfesa a kan wannan aiki ya yi fari.

Sai bana ya haɗa wani, bai fi cikin ƙaramin cokali ba, kuma wannan ya ƙi mutuwa. Mako ya bi mako, ɗan harshen wuta shuɗi na nan tsaye a bakin bututun ƙarshe. Tsohon nan har rawa ya taka. Ya ce a kan wutar nan zai dafa wa matarsa kofi, ko ta daina ce masa bai tsinana komai ba. Matsalar ita ce Farfesa da ido yake girki, kamar tsohuwa mai sa gishiri a miya. Na matsa masa ya faɗa mini abin da ya canza.

"Ke dai kin cika garaje. Bari ya daɗe tukuna, kada in koya miki ƙarya."

Bai koya mini komai ba. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar gidansa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Na haɗa gari ya fi a ƙirga, duk suka mutu a hannuna. Abin da ya rage mini shi ne in ƙarasa gwajin, in kai wannan ɗan garin nasa a duba cikinsa da babbar na'ura, ko ya faɗa mana abin da mai shi ya kasa faɗa. A duniya babu wani sai shi.

Ana haka bikin Ayuda Puja ya zo, ranar da ake wanke kayan aiki, a yi musu addu'a, a bar su su huta. Direba ya wanke motarsa, tela ya goge kekensa, ba mai taɓa ko allura. Farfesa kaɗai ne bai taɓa yarda ba. Duk shekara sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce injinsa bai ce masa ya gaji ba, ya yini a ciki, matarsa na gida ita kaɗai da fitilunta. Bana babu mai tsayawa a ƙofar. Shugaban sashe ya ce za a kashe wutar ginin gaba ɗaya. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya saurare ni tsaf, ya miƙo mini goron gayyatar biki. Dole na bar bututun ya huce, na toshe bakinsa biyu don kada iska ta shiga, na ajiye shi a kan teburin Farfesa.

Ranar bikin sai da na tsaya aka yi wa keken ɗinkin mahaifiyata addu'a, don haka hantsi ya dubi ludayi kafin in iso. Irulappan mai gadi yana ɗaura ganyen ayaba a jikin ƙofa, bakinsa har kunne.

"Malama Vasuki, yau kin makara! Mami ta riga ki."

"Wace Mami?"

"Mami nawa gare mu? Ta gidan Farfesa mana. Ni na buɗe mata. Shiga ki ga ikon mace, ɗakin da ya yi shekaru kamar makera yau har ɗaukar ido yake."

Ban san lokacin da na haye matakalar ba. Ƙamshin turare da kafur ya tare ni. Mami Ponnammal, matar Farfesa, na tsaye, ta soke gefen zanenta na sari a ƙugu, ta jera ayaba da kwakwa da gugguru a kan ganye. A tsakiyarsu ga bututun nan, an ɗiga masa kwaɓin sandal mai ƙamshi da jan gari, an naɗa masa furen yasmin. Fes yake, kana hango ganyen ta cikinsa.

"Zo, 'yata, zo ki gani," ta ce. "Wannan ne ya taɓa nuna mini, wai rayuwarsa na ciki. Na ce rayuwar taka ce a cikin wannan dauɗa? Wayyo, na sha fama! Baƙin nan ya kama kamar gindin tukunya. Sai da na haɗa da tsamiya da toka."

Na juya na dubi wurin wanke-wanke. Famfo na ɗiga, farin tangaran ɗin ko ɗigon baƙi babu.

Duk sashenmu an san ni da baki, har ɗalibai na canza hanya in sun hango ni. Na buɗe baki zan zazzage mata. Sai idona ya sauka a kan yatsunta da ruwa ya yamutsa, da ramar da jinya ta yi mata.

"Likita ya yi nasa, na ce bari ni ma in yi nawa," ta ce a hankali. "Tun aurenmu bai taɓa bari an yi wa kayan aikinsa addu'a ba. Wa ya sani ko abin da ya kama shi ke nan? Yanzu dai na sauke masa."

Na haɗiye maganata. Ta yi mini ɗaci ƙwarai.

Ta nace sai na raka ta mu nuna masa. A cikin keke mai ƙafa uku ta rungume bututun a ƙirji, tana yi wa direba faɗa kan ramukan hanya. Ni kuwa addu'a nake yi mu tarar yana barci.

Idonsa biyu. Yana kwance kusa da taga, ya koma kamar yaro a cikin gadon. Mami ta zauna a gefensa ta ɗora masa bututun a tafin hannun hagu.

"To, mai taurin kai, ga abinka. An yi masa biki yau, ko kana so ko ba ka so. Da hannuna na wanke shi."

Ya ɗaga shi da ƙyar wajen hasken taga. Ya daɗe yana kallo. Ya karkata shi, kamar mai neman ko ƙwaya ɗaya ta maƙale a lungu. Sannan ya dube ni. Ban iya yi masa ƙarya da ido ba, na sunkuyar da kai. Da na ɗago, hawaye na gangarowa ta gefen fuskarsa mai rai zuwa cikin kunne. Tausayinsa ya kama ni.

Ya ajiye bututun a ƙirjinsa, ya lalubi hannun matarsa, ya riƙe yamutsattsun yatsun nan. Rabin bakinsa ya ja sama. Murmushi ya yi mata.

"Kin gani?" Mami ta ce. "Kukan daɗi yake! Tunda na shigo gidan nan ban taɓa ganinsa a ranar biki ba, balle ya yi mini murmushi."

Ta tashi da sauri ta nufi madafa, wai sai na ci wani abu kafin in tafi. Farfesa ya bi ta da ido har ta fita, sannan ya dube ni, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ɗora a kan leɓensa.

Daga madafa ta ɗago murya.

"Vasuki! Gobe za ki kunna wutar, ko? Ya yi mini alkawarin kofi, kuma ban yafe ba."

Yatsan na nan a kan leɓensa.

"Gobe, Mami," na ce.