Jarkar Inna

Shekara uku mai gwajin ruwan masana'antar tana rubuta sifili a rahoton wata-wata. Masana'antar tana sarrafa man waken suya ta fitar da sinadarin da ke sa roba laushi. A jikin kowane duro an zana koren ganye, an rubuta cewa abin yana ruɓewa cikin kwana ashirin da takwas.

Ƙa'idar aikin ita ce a fara zuba wa na'ura ruwa mai tsabta, a saita ta a kan sifili, sannan a auna na magudanar masana'antar. Tun da injin tace ruwa na ɗakin gwaji ya mutu, ruwan rijiyar mahaifiyarta take kawowa a jarka. Gidan na can kilomita tara, kuma ita ba ta san ruwan da ya fi shi tsabta ba.

Ranar Talata aka gyara injin. Ta saita na'urar da tataccen ruwa. Magudana ta ba da arba'in da ɗaya. Ta auna sauran na jarkar, ya ba da arba'in da ɗaya.

Ta sami manaja a ofis.

"Yallaɓai, abin nan bai ruɓe ba. Ya kai har rijiyar Inna."

"Malama, man waken suya ne fa. Ke ba kya girki da shi?"

"Nawa bai bi ta tukunyar masana'anta ba."

"Wa ma ya ce a gyara injin nan?"

"Kai ka sa hannu."

Manaja ya ce, "Ki koma wa jarkar tsohuwa. Ruwanta akwai albarka."

Daga bakin ƙofa ta kira mahaifiyar a waya.

"Inna, ki daina shan ruwan rijiyar nan."

"Yau kuma? Ruwan da kamfani guda ke aikowa a ɗiba? Ai na gaya wa maƙwabta, yanzu layi suke yi da bokitai."

Ba ta koma wa jarkar ba. A fom ɗin hukuma, a gurbin magudana, ta rubuta arba'in da ɗaya. Doka ta yarda har hamsin, saboda haka masana'anta ta ci jarrabawa. Rijiya ba ta da gurbi, sai ta rubuta nata adadin a gefen takardar, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Akawu ne ke aika kwafi. Injinsa na kwafi yana yanke gefen takarda. Ya ɗaga kwafin ya duba, ya ce wannan karon ma ya fita tsaf, ya buga hatimi.