Allurar da Jamilatu Ta Kawo

A shekarar 1983 ciwon sukari ya kusa kayar da Malam Yuguda. Dillalin shanu ne a Gombe, ƙaƙƙarfan mutum, amma ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Maƙwabcinsa a unguwar Federal Low-Cost, Likita Bernard, ya rubuta masa allurar insulin, ya ƙi. Ya ji cewa daga jikin alade ake samo ta. Likitan ya ce akwai ta shanu, Yuguda ya ce ai duk kwalaben kamarsu ɗaya.

'Yarsa Jamilatu tana Ingila, gwamnati ta tura ta karatu tun kuɗin mai na yawo. Tana binciken yadda ƙwayoyin jiki ke karɓar saƙo, kuma da insulin take gwaje-gwajenta. Da labari ya iske ta, sai ta nemi hutu. Ta sauka a Kano, ta shigo motar Gombe rungume da fulas mai ƙanƙara.

Bayan an gaisa ta buɗe fulas ɗin, ta fito da kwalbar insulin, ta ce wannan sabuwa ce, irin ta ɗan Adam, likitocin can ne suka ba ta.

Yuguda ya ɗaure fuska. "Daga jikin wa aka cire ta?"

"Ba a taɓa kowa ba, Baba. Ba mutum, ba dabba."

Ta bayyana masa cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani aka koya wa yin ta. Ana kiwonsu a manyan tukwane, kamar yadda Inna ke zuba ɗan tsohon nono a madara ta kwana ta zama kindirmo. Aikin allurar kawai ta gaya wa jiki ya karɓi sukarin da ke cikin jini.

Ya daɗe yana juya kwalbar a hannu. Can ya naɗe hannun riga, ya ce a kira Bernard.

Kafin hutunta ya ƙare ya daina yawan shan ruwa, ƙafafunsa suka yi ƙarfi. Ta shirya da likitan yadda maganin zai riƙa isowa. Ranar kasuwa Yuguda ya tafi tike, kasuwar shanu, da ƙafarsa, ya sa ta raka shi. Duk wanda ya taya shi murna sai ya nuna ta, ya ce, "Ku gaida Jamilatu. Ita ma makiyayiya ce, garkenta ne ba a gani."