Katangar da Lado Ya Ƙara

Lado da Hamissou benci ɗaya suke aiki a wani shagon kafinta da ke unguwar Al-Shifa a Riyad, amma ko ruwa ba sa miƙa wa juna. Sana'arsu ƙera ɗan samfurin gini da katako da kwali, irin wanda masu zane ke nuna wa manya kafin a haƙa tushe. Tun ranar da kafil ɗinsu, ubangidan da ya tsaya musu a ƙasar, ya ce iƙamar mutum ɗaya, wato takardar zama, zai sabunta bana, gaisuwa ma ta mutu.

Ana cikin haka aka kawo aikin gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa. Rufi aka ba Hamissou, Lado kuwa cikin zauren. Lado ya baza zanen, ya ga kujeru sun zagaye dandamali kamar bakin ƙwarya, ƙofar shiga ɗaya tal. Ikon Allah! Shi da ya tsufa yana ƙera samfurin gidajen biki da na abinci a Riyad, bai taɓa ganin zauren da babu sashen mata ba.

"Sun manta katanga," ya faɗa, kamar da kansa yake.

Hamissou yana wurin ranar da aka yi bayani cewa kowa da kowa tare za su zauna. Mutumin Maraɗin nan ko ɗago kai bai yi ba.

"Ai ka fi ni sani, Malam Lado."

Daɗi ya kashe Lado. Ga damar da zai nuna wa kafil wane ne gwani. Ya raba zauren biyu da katanga, ya fasa ƙofa ta biyu a baya, ya ɗame komai da gam, ya rufe bai gaya wa kowa ba.

Da safen da za a kai samfurin wurin gasar masu zanen gini, mai zanen ta zo da kanta: Injiniya Khairat, Bahaushiya haihuwar Riyad, wadda Larabci ya fi zama a bakinta. Ta ɗaga rufin, sai fuskarta ta sauya.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Hajiya. Na ga an yi mantuwa, na gyara muku."

"Ka gyara mini?" Ta ɗora yatsa a kan ƙaramar ƙofar bayan. "Ni na zana gidan, Baba, kai kuma ta nan ka ce in shiga?"

Ta fizge katangar, kujeru suka biyo ta, benen sama ya rufta. Kafil ya dubi ɓarnar, ya dubi Lado, ya ce a shirya masa huruj, fita ba dawowa.

Lado ya juya ga Hamissou, idonsa jawur.

"Ka sani, ka yi shiru!"

Hamissou ya tsinci guntun katangar a ƙasa, ya hure ƙurar, ya cusa masa a aljihun riga.

"Ka kai wa yara tsaraba."