Ruwan Dalma

Jinaidu yana riƙe da kan mahaifinsa a bayan keke-napep, yana tsiyaya masa ruwan leda a ido, mai keke kuwa sai ratsa cunkoson Runjin Sambo yake da ham. Baba Mode bai yi ko nishi ba. Wannan shirun ya fi komai tsorata Jinaidu.

Gyaran lagireto ne sana'arsa, kuma hannun Baban ya koya. Da safe ya haɗa ruwan da ake shafa wa tagulla kafin dalma ta kama, ya zuba a robar ruwan sha, ya ajiye gindin benci. Da aka kira azahar, tsohon da ganinsa ya yi rauni ya laluba robar don alwala, ya watsa a fuska.

A asibiti wata likita, Zakiyya, ta sa aka kwantar da shi aka ci gaba da wanke idon. Ta juyo wajen Jinaidu.

"Mene ne a cikin robar?"

"Ruwan dalma ne."

"Sunansa nake tambaya. Wane sinadari?"

Shekara ashirin Jinaidu yana haɗa abin nan, bai taɓa jin yana da wani suna ba.

"Wallahi Likita, ban sani ba."

"To, yaya kuke yin sa?"

"Asid ne, irin na wanke tayil. Sai a yanka tutiyar bawon batir a jefa. Ya yi ta tafasa yana kumfa, robar ta yi zafi, har tutiyar ta narke. In ya yi shiru, ya nuna."

Ta gyaɗa kai. "Gishirin tutiya ke nan. Yana cin nama. Amma in asid bai gama mutuwa ba, ƙunar biyu ce. Ka bari ya yi shiru?"

Jinaidu ya tuna direban da ya tsaya masa a ka da safe yana duba agogo.

"Bai bari ba," in ji Baba Mode daga kan gado, ruwa na gangara masa kunne. "Na ji shi ga hanci, da ransa. Ɗiyata, yi mani maganin biyu."

Sai bayan la'asar aka naɗe idanun. Likita ta ce na dama zai warke. Na hagu sai nan da kwana uku za a sani.

Jinaidu ya durƙusa gefen gadon. "Baba, ka gafarce ni."

Tsohon ya lalubo wuyan hannunsa ya riƙe.

"Mi ka yi da sauran?"

"Yana shago."

"Shagon a buɗe?"

Jinaidu ya miƙe zumbur. Ƙarƙashin bencin nan masu wucewa kan nemi ruwan alwala, ga magariba ta kusa.

"Tahi," Baba ya ce. "Ni ba inda za ni."