Wankin Siliki

Tsoho Khue bai shiga ajin zanen siliki don sha'awa ba. Fuskar marigayiya matarsa Lua ce ta fara dushewa a ransa, hotunan gida kuwa duk ta ɗaure fuska kamar wadda aka tilasta. Shi so yake ya kama ta a zane yadda take zama a bakin tafkin Tay lokacin kaka, rana na faɗuwa, ganyen bishiyoyin bang sun yi jajir, tana ɓare gyaɗa tana yi masa mita.

Ɗaliban duk sa'annin jikokinsa ne. Su gaishe shi da ladabi, su koma hirarsu, shi kuma ya ci gaba da jin kaɗaicinsa a kusurwa.

Malama Thoa ta koya musu ƙa'ida: a shafa launi tsararo, a wanke, a sake shafawa, har zaren ya sha. Haka ya bi da sararin sama da bishiyoyi. Amma wata safiya fuskar Lua ta faɗo masa cikakkiya, har da ɗan karkacewar bakinta. Ya yaɓa ta a silikin da launi mai kauri kafin ta gudu. Sauri kuwa yakan haifi nawa.

"Kawu, wannan launi ne ko kunu ka dama?" in ji Thoa da ta gani. "Sai an wanke."

"Kar ki taɓa min ita."

"To bar shi. Damshin Hanoi zai cinye maka shi kafin sabuwar shekara, ka zo kana ba ni labari."

Ya san gaskiya ta faɗa. Da kansa ya ɗauki moɗa ya zuba wa silikin ruwa a hankali. Rana ta zauna daram, bishiyoyin ma suka ƙara kyau. Lua kuwa ta narke, ta gangara cikin kwano, ta bar ɗan duhu a kan bencin da ya zana ta a kai.

"Ba komai, Kawu," muryar Thoa ta yi sanyi. "In ya bushe ka sake zana ta, sannu-sannu."

Ya zauna har silikin ya bushe, yara suka watse. Ya tsoma buroshi, ya rufe ido ya kira ta. Tafkin ya zo, jajayen ganye suka zo, har ɓawon gyaɗa a ƙasa. Fuskar ba ta zo ba.