Taken Maigidana

Har gobe ni Fanna ban yafe wa Illo makaɗi ba, kuma ba zan yafe ba.

Shekarar da kumandan na Magariya ya sa a kwashi maza aikin dole na hanyar mota, sunan maigidana na cikin waɗanda ake nema a Yekuwa. Mun ga yadda na bara suka dawo, wasu ma ba su dawo ba. Sai muka ɓoye shi cikin rumbun gero, muka baza cewa ya tsallaka ƙasar Ingilishi. Kwana shida ina miƙa masa fura ta saman rumbu, duk gari an sani, ba wanda ya tona.

Ran na bakwai sai ga wani Nasara da tafinta da gardi biyu, dogaran kumandan, bisa dawakai. Shi ba mutane yake nema ba, wai kiɗan ƙasashe yake bi yana tarawa cikin akwati mai ɗaukar murya. Ya fito da wani abin kiɗa nasu mai kama da zugazugin maƙera, yana ja yana matsawa, abin na kuka. Aka taru ana dariya. Ya shafa gurmi, ya leƙa cikin goge, da ya ga gangar noma kuwa sai ya rikice.

Tafinta ya ce, "Illo, Nasara na son kiɗan da ya fi kowane daɗi."

Illo ya ji yabo, kansa ya kumbura. Duk kiɗan da ke duniya, sakaran nan bai ga na yi ba sai taken maigidana.

Kowane manomin kirki yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai a gona. In ya ji shi tsuma ke kama shi, ba ya iya shiru ko da wuƙa a wuyansa. Illo ya fi kowa sani, shekara ashirin yana bin bayansa a kunyar gona.

Na ruga ina cewa, "Illo, bari! Don Allah bari!" Ina, ganga ta riga ni.

Murfin rumbu ya yi sama. Maigidana ya diro, ƙaiƙayi har gira, jiki na rawa.

"Sai ni Ɗantsoho, na Fanna, mai kwana gona!"

Gardin biyu suka dubi juna, suka kwance igiya daga sirdi.

Nasara kuwa tafi yake yi, haƙora waje, bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Da aka gama ɗaurin ya yi wata magana, tafinta ya sunkuyar da kai.

"Ya ce bai kunna akwatin ba. A sake."

Illo ya sake. Na ce a raina wannan karon zai daure. Maigidana ya dube ni, hawaye na zuba, hannu ɗaure a baya, ya buɗe baki ya amsa.